A gyara yadda ake hira da fitattun mawaƙa da yadda ake buga labaran abokansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna neman ka ba mu fili mu yi magana a kan yadda ake hira da fitattun makaɗa da mawaƙa, da kuma yadda ake buga abin da abokansu ke faɗa a kansu. Mu masu nazarin kiɗa da waƙa ne, kuma wannan lamari ya daɗe yana damun mu.

Galibin abin da ke fitowa a jaridu da gidajen rediyo iri biyu ne. Akwai hirar minti goma da ake yi a tsaitsaye: yaushe ka fara waƙa, wa ya koya maka, waƙoƙinka nawa, wane kira gare ka ga masoyanka. Akwai kuma wadda ba ta fitowa sai an yi rasuwa, inda wani zai taso ya ce shi aminin marigayi ne, ya jero maganganun da ya ce sun yi su biyu, babu kaset, babu kwanan wata, babu mutum na uku da ya ji. Ta farkon ba ta ƙara wa kowa sani, ta biyun kuma babu hanyar tantance ta. Alhali duk hirar da aka buga yau, ita ɗalibi zai ɗauko bayan shekara 40 ya kafa hujja da ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ali Farka Toure a 2006, Miriam Makeba a 2008, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Tambayar da ba a yi musu ba ta tafi ke nan, wadda kuma aka yi musu aka rubuta amsar ba daidai ba, babu mai gyara ta.

Aikin yana farawa tun kafin a nemi ganin mawaƙin. Wanda zai je ya zauna ya saurari waƙoƙinsa bi da bi, daga na farko zuwa na baya-bayan nan, har da waɗanda ba su yi tashe ba. Idan sun yi yawa, a ɗauki biyar daga farkon sana'arsa, biyar daga tsakiya, biyar daga ƙarshe. A saurara da biro a hannu, ana rubuta minti da daƙiƙar duk wurin da wani abu ya canja: inda kiɗa ya ƙara sauri, inda 'yan amshi suka yi shiru, inda aka shigo da wani kayan kiɗa da ba a saba ji ba, inda murya ta sauka. Bayan haka a nemo hirarrakin da aka taɓa yi da shi, aƙalla uku ko huɗu, don a gane haddatattun amsoshinsa. Duk mawaƙin da ya shahara yana da labarai biyar ko shida da ya maimaita har suka yi santsi a bakinsa, da zarar ya ji tambayar da ya saba ji sai ya saki ɗaya daga cikinsu. Ba ma ganin laifinsa, don wanda aka yi wa tambaya ɗaya sau ɗari dole ya tanadi amsa ɗaya. Laifin na mai tambaya ne.

Don hirar sa'a guda, tambayoyi 12 zuwa 15 sun isa, kuma da wuya a yi amfani da fiye da rabinsu idan hirar ta yi armashi. Tambayar da ke buɗe bakin mawaƙi ita ce wadda ta shafi aikin hannunsa. A wannan waƙar, wa ya fara kawo kiɗan, kai ko makaɗinka? Me ya sa ka canja amshi bayan baiti na uku? Wace waƙa ce ka daina yi a bainar jama'a, me ya jawo? Idan murya ta dishe ana tsakiyar wasa, me kake yi? Ranar da ka ɗauki wannan faifan, su wa ke cikin ɗakin? Irin waɗannan ba su da haddatacciyar amsa, dole ya tsaya ya tuno. Dabarar da ta fi kowace aiki kuwa ita ce a kunna masa daƙiƙa 30 ko 40 na wata tsohuwar waƙarsa, a tsayar, a yi shiru. Sau da yawa ba sai an tambaya ba. Kuma in da hali, kayan kiɗansa su kasance kusa da hannunsa, domin akwai abin da makaɗi ba zai iya faɗa da baki ba sai ya nuna.

Wannan dabarar tsohuwa ce. A 1938 Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya zaunar da makaɗin jaz Jelly Roll Morton gaban piyano a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washinton, da niyyar ɗaukar gajeruwar hira. Morton yana magana yana kaɗawa, yana nuna yadda wane ke kiɗa da yadda wane ke yi a birnin New Orleans na ƙuruciyarsa, har aka tara sama da sa'o'i takwas. Shekara uku bayan nan ya rasu. Har gobe duk mai nazarin asalin kiɗan jaz sai ya koma wa wannan zaman, kuma da an raba shi da piyanon da ba a samu rabin abin da aka samu ba.

Lokaci da wuri suna iya kashe hira tun ba a fara ba. Bayan saukowa daga dandamali, murya ta gaji, kunne yana ƙugi, jama'a sun yi dafifi, hankalinsa kuma yana kan kuskuren da aka yi a wasan ko kan lissafin kuɗin da za a raba. Kafin wasa kuma yana tattalin muryarsa. Ranar da babu wasa ta fi, da hantsi ko da la'asar, a nemi sa'a ɗaya da rabi don a samu sa'a ɗaya mai tsabta. Zama biyu ko uku a ranaku daban-daban ya fi zama ɗaya mai tsawo, saboda tsakanin zama na farko da na biyu mutum yakan tuno abin da ya manta, mai tambaya kuma yakan saurari kaset ɗin ya ga ramukan da ya bari. A roƙi alfarma a rage mutane a ɗakin. Mawaƙi da ya ga mutum goma a gabansa ya ga 'yan kallo, sai ya koma yin wasa maimakon magana, ga kuma manaja da ke tare duk tambayar da bai so ba.

Sai kayan aiki, kuma a nan ne asara ta fi yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a gwada komai tun daren jiya. Na'ura biyu za a ajiye, rakoda da waya, ko waya biyu, kowace da cikakken caji da wuri a memori. Wayar a sa ta a tsarin nan na shiga jirgin sama, domin kira ɗaya yana iya tsayar da ɗauka ba tare da an lura ba. A ɗauka a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a saita ingancinsa a kilohaz 48, bit 24, wanda yakan ci kimanin gigabait ɗaya a sa'a idan layi biyu ne, rabin haka idan layi ɗaya ne. MP3 na aikawa ne, kada a mai da shi na ajiya, don ya riga ya zubar da wani ɓangare na sautin kuma ba ya dawowa. Makirufo ya kasance kimanin santimita 15 zuwa 20 daga baki, a ɗan karkace shi gefe don kada iskar harufan "f" da "b" ta riƙa dukan sa. Kada a ɗora rakoda kai tsaye kan tebur, a shimfiɗa tawul ko wani ƙyalle mai kauri, in ba haka ba duk wanda ya ajiye kofi ko ya buga yatsa sai ya fito kamar ganga. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin, a nisanci firji da janareta. Kunnen mutum yana yafe wa irin wannan ƙarar bayan minti biyu, makirufo kuwa ba ya yafewa. Ɗaki mai labule da kafet da kujerun katifa ya fi ɗaki mai tayil da bango tsirara, inda murya ke dawowa.

Akwai kuskure ɗaya da ya keɓanta da hirar mawaƙa. Mai ɗauka yakan daidaita ƙarfin sauti da muryar magana, sai ana cikin zance mawaƙin ya ɗaga murya ya rera baiti don ya ba da misali, ma'aunin ya buge sama, muryar ta fashe. Wato wurin da ya fi ko'ina daraja a hirar shi ne ya lalace, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa yadda ya kamata a kwamfuta. Maganinsa, kafin a fara a roƙe shi ya ɗan rera wani abu da cikakkiyar murya, a daidaita yadda ƙololuwar ba za ta wuce desibel 12 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti na na'urar ba. Na'ura ta biyu a ajiye ta nesa kaɗan, a rage mata ƙarfi, ta zama madogara. Kuma mai ɗauka ya sa iyafis a kunne aƙalla minti biyun farko, ya ji abin da na'urar ke ji.

Da an kunna, abu na farko da za a faɗa shi ne kwanan wata, wuri, sunan mai tambaya da sunan wanda ake tambaya, sannan a tambaye shi a kan kaset ko ya yarda a ɗauka, da kuma inda za a yi amfani da ita: jarida, rediyo, intanet ko littafi. Kowanne a ambace shi da sunansa. Waƙar da ya rera a cikin hira kuwa tasa ce, yardar da ya bayar ta buga maganarsa ba ta haɗa da watsa waƙar ba, musamman idan sabuwa ce da bai fitar ba. Wannan izini daban ake nema. Sannan a yi yarjejeniya tun farko: in akwai abin da ba ya so a buga, ya faɗa kafin ya furta, a tsayar da na'urar a gabansa. Magana zarar bunu ce, kuma rigimar "ai ban ce ka buga ba" kusan kullum daga rashin wannan yarjejeniyar take tasowa.

A cikin hirar, abin da ya fi wa masu tambaya wuya shi ne yin shiru. Idan mawaƙi ya kai ƙarshen amsa, a ƙirga biyar a zuci kafin a jefa wata tambayar, domin abin da yake ƙarawa bayan wannan shirun yakan fi amsar farko nauyi. A daina "haka ne, haka ne" da "ƙwarai kuwa" a kan muryarsa, gyaɗa kai ya wadatar. Tambaya mai zafi, kamar rabuwa da abokan aiki ko rigimar kuɗi, a bar ta sai kashi na uku na zaman, amma kada a bar ta sai an miƙe. Duk sunan da ya ambata a rubuta shi, a ƙarshe a bi su ɗaya bayan ɗaya a tambayi yadda ake rubuta su da kuma ko mai sunan yana raye.

Waɗannan sunayen su ne rabin aikin da ake watsarwa. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, gaskiya ne, amma tarihin waƙa ba a bakin mutum ɗaya yake ba. Makaɗa, 'yan amshi, mai haɗa sauti a sutudiyo, direban da ya yi shekara goma yana jan motar ƙungiya, kowannensu ya riƙe abin da uban tafiyar bai riƙe ba, kuma da yake ba a cika tambayar su ba, ba su da haddatattun amsoshi. Tony Allen ya kaɗa wa Fela Kuti ganguna tun daga 1964 har zuwa ƙarshen shekarun 1970, kuma babu mai bayanin yadda aka gina kiɗan Afrobit da gaske ba tare da ya saurari abin da Allen ya faɗa ba. Ya rasu a 2020. Kowane babban mawaƙi yana da irin wannan mutumin a bayansa, galibi babu wanda ya taɓa miƙa masa makirufo.

Bayan an dawo, kafin a yi barci a kwafe sautin zuwa wuri na biyu. Rubuta hirar sa'a ɗaya kalma da kalma yakan ci sa'o'i huɗu zuwa shida, kuma yakan ba da kalmomi wajen 8,000, ga shi shafin jarida ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saboda haka yanka dole ne, sai dai yanka yana da ƙa'ida. Ana iya cire maimaici da in'ina. Ba a ɗauko rabin jimla daga minti na 10 a liƙa ta da rabin wata daga minti na 50, ba a canja tambayar bayan an ji amsar, ba a kuma gyara wa mawaƙi karin harshensa a mai da shi irin na mai rubutu. Idan fassara aka yi, a faɗa wa mai karatu, a kuma ajiye asalin.

Sannan a tantance. Mawaƙi yana iya faɗin abin da ba haka yake ba, ko da gangan ko da zuciya ɗaya. Morton ɗin nan da muka ambata ya ce shi ya ƙirƙiro jaz a 1902, ya kuma ce a 1885 aka haife shi, amma takardar coci ta nuna 1890, wato yana ɗan shekara 12 a lokacin da yake iƙirarin. Louis Armstrong, wani shahararren makaɗin jaz, ya rayu yana cewa ranar 4 ga Yuli, 1900 aka haife shi, har ya rasu a 1971, sai a shekarun 1980 aka gano rajistar da ta nuna 4 ga Agusta, 1901. Wannan bai rage darajar hirarsu ba. Abin da ya kamata shi ne a buga maganar yadda mai ita ya faɗa, a kuma sanar da mai karatu inda ta saɓa da takarda. Shekarar fitar faifai a duba jikin faifan, ranar wasa a duba tsofaffin jaridu, sunan wanda ya yi kiɗa a tambayi mutum biyu. Idan kuma ya zargi wani da satar waƙa ko cin kuɗi, sai an ji ta bakin wancan kafin a buga, domin jaridar da ta buga ɓatanci tana da nata alhakin ko da ba ita ta ƙirƙira ba.

Yanzu ga maganar abota, wadda ita ce ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Ba mu ce ɗan jarida ko marubuci kada ya yi abota da mawaƙi ba. Abota tana buɗe ƙofar da katin aiki ba ya buɗewa. Aboki ne ke ganin gwaji kafin wasa, shi ya san lokacin da mawaƙin ke zolaya da lokacin da yake da gaske, shi ya san ma'anar kalmomin da ƙungiyar ke amfani da su a tsakaninsu, shi kuma ake ba labarin shekarun wahala ba tare da ado ba. Mafi yawan abin da duniya ta sani game da rayuwar manyan mawaƙa ta hannun na kusa da su ya fito. Amma ta wannan hannun ne kuma mafi munin ɓarna ta shigo.

Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya kurumce a ƙarshen rayuwarsa, sai baƙinsa su riƙa rubuta abin da suke son faɗa masa a cikin ƙananan littattafai, shi kuma ya amsa da baki. Bayan rasuwarsa a 1827 littattafan suka faɗa hannun Anton Schindler, wanda ya yi masa hidima kamar sakatare. Masana sun yi fiye da ƙarni guda suna dogara da su, sai a 1977 aka tabbatar da cewa Schindler ya bi shafukan da ke da fili ya cusa maganganu da yawa da hannunsa bayan mai gidan ya mutu, don ya nuna kusancinsa da shi ya wuce yadda yake, ya kuma sa ra'ayinsa ya zama kamar na Beethoven. Mutumin ya zauna da shi da gaske, ya san shi da gaske, amma yau duk abin da ya faɗa sai an nemi wata shaida kafin a karɓa.

Wani lokacin babu niyyar ha'inci, muryoyin ne ke cakuɗewa. Robert Craft ya haɗu da mai tsara kiɗa Igor Stravinsky a 1948, ya zama kamar ɗan gida har rasuwar dattijon a 1971, kuma daga 1959 suka riƙa fitar da littattafan tattaunawarsu. Littattafan suna da daɗin karatu, sai dai masana sun daɗe suna muhawara a kan ina maganar Stravinsky ta tsaya, ina ta Craft ta fara, musamman a na ƙarshe-ƙarshe lokacin da tsufa da ciwo suka kama mai gidan. Wanda ya yi shekara 20 yana jin mutum yakan iya ƙarasa masa jimla, daga nan kuma sai ya fara rubuta masa ita gaba ɗaya yana ganin ai abin da zai faɗa ke nan. Haka kuma littafin da Solomon Volkov ya fitar a Amurka a 1979, wanda ya ce maganganun Shostakovich, mai tsara kiɗa ɗan Tarayyar Sobiyet, ne da ya rubuta daga bakinsa kafin rasuwarsa a 1975. Babu kaset. Hujjarsa ita ce sa hannun mawaƙin a shafin farko na babi-babi, sai mai nazarin kiɗa Laurel Fay ta nuna a 1980 cewa rubutun da ke buɗe da yawa daga cikin babobin an riga an buga shi a Tarayyar Sobiyet shekaru kafin nan. Har yau ana jayayya a kan littafin, jayayyar da kaset ɗaya zai iya kashewa. Darasin a aikace shi ne, in za a sa hannu a kan rubutacciyar hira, a sa a kowane shafi tare da kwanan wata.

Akwai kuma ɓarnar da ke faɗa wa abotar kanta. A Disamban 1970 John Lennon ya yi doguwar hira da Jann Wenner na mujallar Rolling Stone, ya faɗi maganganu masu zafi a kan tsofaffin abokan ƙungiyarsa ta mawaƙa, Beatles. An buga a mujallar a farkon 1971 da yardarsa. Da Wenner ya mai da ita littafi ba da son Lennon ba, sai zumuncin ya lalace. Kalmomin ba su canja ba, wurin da aka kai su ne ya canja, shi ya sa muka ce a ambaci kowane amfani da sunansa tun a kan kaset.

Ko a harshenmu, Malam Edita, kalmar "hira" ta haɗa abu biyu, hirar da abokai ke yi don nishaɗi da hirar da ɗan jarida ke yi don bugawa, kuma wanda ya zama aboki kuma marubuci yana tsaye ne a tsakaninsu. Dole shi ya ja layin, da baki, kowane lokaci: yau aiki ya kawo ni, ga rakoda. Abin da aka faɗa a mota ko a bakin gadon asibiti amana ce. Idan ya ga yana da muhimmanci ga tarihi, ya dawo wata rana da na'ura ya ce, maganar nan da ka yi mini, ka yarda mu maimaita ta don bugawa? In an ƙi, shi ke nan. Bayan rasuwa ma amanar ba ta faɗi ba, musamman abin da ya shafi ciwo, iyali da bashi.

Aboki kuma ya san akwai tambayar da ba zai iya yi ba. Wanda ake saka sunansa a waƙa, ko ake ɗauke masa kuɗin tafiya da masauki, ko ake yi masa kyauta, ba zai iya tambayar dalilin da ya sa makaɗa uku suka bar ƙungiya a wata ɗaya ba. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Gyaran mai sauƙi ne: jarida ta ɗauki nauyin tafiyar wakilinta, aboki ya yi hirar tarihi da ta sana'a inda kusancinsa ke da amfani, labarin rigima da sharhin sabon faifai kuma a ba wani. Game da nuna wa mawaƙi rubutun kafin a buga, ana iya karanta masa sunaye da shekaru da baitocin da aka ɗauko don ya gyara kuskure, amma ba a miƙa wa manaja rubutun ya sake shi. Mai ƙirƙirar magana ya jingina wa mawaƙi kuwa ya sani asiri yana tonuwa: a 2012 an gano marubuci Jonah Lehrer ya ƙirƙiri maganganu a cikin wani littafinsa ya ce na mawaƙi Bob Dylan ne, ya rasa aikinsa a mujallar The New Yorker, aka kuma janye littafin daga kasuwa.

Saura ajiya. Kowace hira a yi mata kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Sunan fayil ya ƙunshi shekara, wata, rana da sunan mawaƙin, tare da 'yar takarda mai nuna abin da aka tattauna a kowane minti biyar. Idan za a aika ta manhajar saƙo, a aika a matsayin fayil, domin saƙon murya matse sauti yake yi. Masu tsofaffin kaset a gida, 'yan jarida da suka yi ritaya da abokan mawaƙan da suka rasu, su sani zafi da laima suna cin zaren, kuma tun 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi cewa na'urorin kunna irin waɗannan kaset suna ƙarewa, kayan gyaransu ma an daina ƙerawa. Kaset ɗin da ya yi fumfuna kada a saka shi a rediyo, zai ɓata kansa ya ɓata na'urar. Mai lafiya kuma a fara karye 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada a yi kuskuren ɗauka a kai, a goge kan na'urar, a juye shi zuwa WAV a zama ɗaya, a kuma ci gaba da ajiye asalin a tsaye, a wuri mai sanyi marar laima.

Roƙonmu gare ka, ranka ya daɗe, shi ne a ƙarƙashin kowace hira da mawaƙi a riƙa sa layi biyu: ranar da aka yi ta, wurin, ko an ɗauki sauti, ko an taƙaita ko an fassara, da kuma alaƙar da ke tsakanin mai tambaya da mawaƙin in akwai. Wanda kuma ya kawo rubutun tunawa da amininsa marigayi, a karɓa da mutunci, amma a tambaye shi wace shekara aka yi maganar, wa ke wurin, akwai kaset ko wasiƙa ko hoto. Abin da ya riƙe a ka kawai a buga shi a matsayin abin da ya tuna, kada a sa shi cikin alamar zance kamar daga bakin marigayin aka ɗauko. Muna kuma fatan a ware shafi ko sau ɗaya a wata don tsofaffin makaɗa da 'yan amshi da masu haɗa sauti, a fara da waɗanda suka fi tsufa.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin kiɗa da waƙa